Ƙugun Nata'ala a Gonar Surukinsa

Tun shekarar da fetur ya tashi ya ja kwanon gero suka tafi tare, gidan Nata'ala a Rijiyar Zaki yake cin tuwo daga rumbun surukinsa Malam Dabo, can wani ƙauye bayan Bagwai. Buhu yakan iso a mota, ba saƙo, ba gori. Rashin gorin ne ya fi ci wa Nata'ala rai. Don haka da ya ji an kira gayyar noma a gonar tsohon, ya ɗauki hutu a ofis, ya ƙudurta zai nuna shi ma ba baki kaɗai Allah ya ba shi ba.

Sai dai yana da ciwon ƙugu, ladan zaman kujera. Likita ya koya masa motsa jikin da zai riƙa yi kafin kowane aiki mai nauyi: ya kwanta rigingine, ya jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ya juya su dama da hagu har jijiyoyi su saki. A ɗakinsa bai taɓa fashi ba. Ya yi niyyar yi a bayan wata kuka da ya san tana bakin gonar.

Da ya isa da hantsi, gindin kukar nan Malam Dabo ya shimfiɗa buzunsa.

Nata'ala ya durƙusa ya gaida shi, ido a ƙasa. Mutumin da ko ruwa ba ka sha a gabansa, ta yaya za ka kwanta ka ɗaga masa ƙafafu sama? Ya miƙe ya karɓi fartanya.

"Yaya, a kawo maka kujera mai juyawa?" in ji Sabo, ƙanin matarsa. "Ko biro za ka yi noman da shi?"

"Rufe mini baki, ka kama layinka."

Makaɗi ya saki ganga, ya hango baƙo, ya kama yi masa kirari: na birni ya zo, ciyawa ta shiga uku. Nata'ala ya san ƙarya ce, amma ta yi masa daɗi. Ya sunkuya ya yi ta sara, har ya wuce Sabo. A tsakiyar gona wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Ya tsaya a duƙe kamar mai ruku'u, ya kasa ɗagowa.

Ganga ta yi shiru. Maza suka kwantar da shi cikin gero.

"Me likitan naka ya ce a yi?" in ji Sabo, wasa ya bar muryarsa.

Ya faɗa masa. Sabo ya kama ƙafafunsa ya tura su zuwa ƙirji, ya juya dama, ya juya hagu, rabin ƙauye na kallo. Nata'ala ya runtse ido. Da ya ji inuwa a fuskarsa ya buɗe: Malam Dabo ne tsaye yana tare masa rana da malfarsa, ya kau da kai wajen bishiyar kukar nan, shi ma kunya ta kama shi.

Tsohon bai yi masa magana ba, Sabo ya yi wa.

"A gaya wa mijin yarinyar nan kada ya ƙara wahalar da kansa. Geron zai riƙa zuwa kamar kullum."

"Na gode, Baba," in ji Nata'ala, ƙafafunsa na sama.