Ƙulli a Gefen Dama

A shekarun da takarda ta yi wuya, har ’yan makaranta suna rubutu a bayan takardar siminti, mutum uku ne ke riƙe da buga ƙananan littattafai tsakanin Kafur, Malumfashi da Funtuwa. Malam Sada na Kafur yana gurza na ajami da na Larabci a injinsa. Liatu Istifanus, matar wani malamin asibiti a Malumfashi, tana da keken rubutu da injin gurza takarda, ita ke yin littattafan waƙoƙin majami’a da takardun ƙungiyar manoman auduga. Duk abin da su biyun suka gurza, sai su ɗaure su ba direba ya kai Funtuwa wurin Malam Maharazu, wanda ke ɗinki, ya sa bango, ya yanke gefe.

Ba sa haɗa ƙunshi da wasiƙa, igiyar da aka ɗaure shi da ita ce ke yin bayani. In igiyar rama ce, bango mai kauri ake so. In zaren auduga ne, mai laushi. Ƙullin yana zama a saman shafi. Ƙulli ɗaya, ɗinki kawai. Biyu, a ɗinka a yanke gefe. In an zura ƙwallon tsamiya a jiki, to mai aikin yana sauri. Liatu ce ta tsara wannan, ta ce wa Malam Sada wai direbobi suna zubar da wasiƙa. Ya yarda, don kowa ya san halin direbobi.

Amma ba wannan ne dalili ba. Ciwon yana ne ya rufe idanun Malam Maharazu, ba ya ganin komai sai inuwa da haske. Ya sa tabarau, yana gane mutane da murya, hannunsa kuwa ya san kowane lungu na shagon. Daga matarsa Kulu sai Liatu suka san wannan, ita ma don ta taɓa ganinsa yana duba takarda a kife ne. Bai roƙe ta ta yi shiru ba. Ta dai san ranar da garin ya ji makaho ne ke ɗinka masa littafi, ranar tukunyar gidansa za ta sauka daga murhu.

Abu ɗaya ne igiyar ba ta faɗa: gefen da za a ɗinka. Ba a taɓa bukatar hakan ba. Malam Sada yana turo nasa a cikin buhu, kuma duk ajami ne, ana ɗinkawa ta dama. Liatu tana naɗe nata a takardar siminti, duk boko ne, ana ɗinkawa ta hagu. Da tsohon ya shafa ƙunshi ya san na wane ne, shi ke nan.

Ana nan sai Malam Jibo na Gozaki ya zo shagon Liatu da ƙanensa Hussaini. Mahaifinsu ya rasu ya bar waƙar wa’azi da ya rubuta da ajami, suna so a buga a raba wa mutane ranar Juma’a wurin addu’a. Injin Malam Sada ya lalace, shi ya sa suka biyo ta nan. Hussaini ko zama bai yi ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kalandar majami’a da ke bango.

“Yaya, ni dai na faɗa maka,” in ji shi. “Akwai sunan Allah a kowane baiti. Mu haƙura a gyara na Kafur.”

“Juma’a ba za ta jira mu ba,” in ji Malam Jibo. “Kuma ai Malam Maharazu ne zai ɗinka.”

Shi da kansa ya zauna ya rubuta waƙar da tsinken ƙarfe a kan takardar kakin da ake ɗora wa injin. Liatu ta wanke hannu kafin ta taɓa, ba ta bar shafi ko ɗaya ya faɗi ƙasa ba, ta bar fili mai faɗi a gefen dama saboda ɗinki. Aikin ya cinye sauran takardar da ta rage mata kakaf. Ta jera, ta naɗe a takardar siminti kamar kullum, ta ɗaure da zaren auduga, ƙulli biyu da ƙwallon tsamiya, ta ba Maitama direba. An yi da su Malam Jibo su karɓa a Funtuwa ranar Alhamis, tunda za su je can sayayyar abin sadaka.

Ranar Alhamis da safe tana share gindin injin, sai ta tsinci shafin gwaji guda. Ta tsaya tana kallon filin nan na gefen dama, sai ta tuna. Takardar siminti! Tsohon zai shafa ya ce na Liatu ne, ya ɗinka ta hagu. Kuma ba mai idon da zai ɗinka ajami ta hagu, balle mutumin da ya tsufa a cikin wannan sana’a. Duk wanda ya buɗe littafin zai gane abin da ta daɗe tana ɓoyewa.

Ko shagon ba ta kulle da kyau ba ta nufi tasha. Motar fasinja ba ta cika ba, direban yana kwance a ƙarƙashinta yana sakace. Ta roƙi wani mai motar auduga ya ɗauke ta, ta zauna a gaba, gwiwarta na gugar galan ɗin mai. Mutumin nan kuwa kamar an aiko shi ya gwada haƙurinta: ya tsaya ya sayi rake, ya tsaya ya gaisa da surukinsa, a Bakori ya tsaya ya zuba wa mota ruwa. Ita dai addu’a take yi a zuci, Allah ya sa ciwon bayan tsohon ya tashi, ko zarensa ya ƙare, ko Maitama ya mance da ƙunshin a mota. Ba ta taɓa roƙa wa mutum ciwo ba sai ranar, kuma ta ji kunyar kanta.

Ta iske Malam Maharazu zaune a kan buzunsa, littattafan a jere a gefensa, an ɗinke, an yanke, gefensu sumul.

“Liatu ce? Na ji takunki. Ga aikinki nan, da na ji ƙwallon tsamiya ban ko tashi cin abinci ba.”

Ta ɗauki ɗaya ta buɗe. Basillarsa ta bi ta gefen hagu, ta huda ƙarshen kowane layi, zare ya haɗiye kalmomin. A dama kuwa fili ne fetal. Ko an warware ɗinkin, hudar tana nan a tsakiyar haruffa.

“Baba,” ta ce, “ajami ne. Na su Malam Jibo na Gozaki. Ban yi tunani ba na naɗe a takardata.”

 Tsohon ya miƙo hannu ta ba shi littafin, ya bi ɗinkin da yatsa daga sama har ƙasa.

“Akwai sunan Allah a inda na huda?”

“Akwai, Baba.”

“Innalillahi wa inna ilaihi raji’un.”

“Bari in kwashe su in koma, in ce mota ce ta lalace. In sun zo ka ce ba su iso ba.”

Ta fara cusa su cikin zane, amma ba ta kai rabi ba aka yi sallama. Malam Jibo ne da Hussaini, da ƙullin goro a hannu. Hussaini ya ga bangon da sunan mahaifinsu, ya sunkuya ya ɗauki ɗaya da murna. Ya buɗe ta inda ya saba buɗe littafi, ya ga ba ta nan yake buɗuwa ba. Ya juya shi, ya ƙara juyawa, ya ja shafin don ya ga ƙarshen layi. Fuskarsa ta sauya.

“Yaya, dubi nan.” Ya juya ga tsohon. “Malam, mi ke nan? Kai da ka ɗinka wa mahaifinmu littattafansa tun muna yara? Ka riƙe wannan a hannu, ka duba, ka sa basilla a nan?”

 Liatu ta ga hannun tsohon yana laluben gefen buzu.

“Ni ce,” ta ce da sauri. “Ni na aiko masa cewa ta hagu ake so. Ya yi mini musu, na ce haka masu aikin suka ce.”

Hussaini ya yi wata irin dariya marar daɗi. “Ka ji ko, Yaya? Na faɗa maka ko ban faɗa ba? Da gangan ne! Wallahi gobe a gaban jama’a zan ɗaga littafin nan, kowa ya ga abin da aka yi wa waƙar Baba, a kuma san wadda ta yi.”

Liatu ta san ba shagonta kaɗai wannan maganar za ta taɓa ba. Za ta bi ta kan mijinta a asibiti, ta shiga majami’arsu, ta isa har gidajen danginta da ke noma kafaɗa da kafaɗa da mutanen Gozaki. Tsoro ya kama ta sosai, amma ta sunkuyar da kai ba ta janye ba. Malam Jibo kuwa kallonta kawai yake yi, kuma wannan kallon ya fi ihun ƙanensa ciwo.

“Ƙarya take yi,” in ji Malam Maharazu.

“Baba!”

“Yi shiru, ’yata.” Ya cire tabarau ya ajiye a kan cinya, ya ɗaga fuska wajen ƙofa. “Hussaini, matso ka dubi idanuna. Matso, ba cizo nake yi ba.”

Hussaini ya matso, ya duba, ya ja da baya.

“Tun kafin rasuwar mahaifinku ban ƙara ganin baƙi a kan takarda ba. Da hannu nake aiki, da igiyar da yarinyar nan ta tsara mini don ta rufa mini asiri. Igiyar ba ta faɗin gefe, ni kuma ban tambaya ba. Ba wanda ya aiko mini da komai. In za ka ɗaga littafi gobe, ka ce makaho ne ya huda shi.”

Hussaini ya ajiye littafin a hankali ya fita. Malam Jibo ya tattara sauran a cikin zanen, ya ce zai adana su inda ya dace, ya yi sallama a gajarce. Aka yi addu’ar Juma’a ba a raba komai ba, kuma kafin kasuwa ta sake ci labari ya gama gari, don Hussaini ba mai riƙe magana ba ne. Malam Sada ya gyara injinsa ya koma aika buhunsa Zariya. Masu kawo tsofaffin littattafai a sake musu bango suka riƙa wucewa ta gaban shagon suna gaisuwa daga nesa.

Liatu ta ƙara abu ɗaya a tsarin igiyar: zare na biyu a gicciye, ƙullinsa a gefen da za a ɗinka. Ta je har Funtuwa ta ɗaura a gabansa, ya shafa ya ce ya yi. Sai dai ba ta da takardar da za ta gurza komai, don haka shagon tsohon ya zauna wayam har aka gama ɗibar auduga. Kulu ta fara tuyar ƙosai a ƙofar gida.

Wata safiya Maitama ya tsaya a shagon Malam Maharazu ya sauke ƙunshi guda, ya ce daga Malumfashi.

“Liatu ta sami takarda ke nan?”

“Wani malami ne daga Gozaki ya kawo mata, har Kano ya je nema. Shi ya ɗaure ma da hannunsa, tana nuna masa. Ya ce in gaya maka wai ba sauri.”

Malam Maharazu ya jawo ƙunshin kan cinyarsa. Takardar siminti ce, zaren auduga, ƙulli biyu a sama. Ya bi zare na biyu da yatsa har ya iske ƙullin a gefen dama, an ɗaure shi tam, irin ɗaurin mai ɗaure dawa. Ya daɗe hannunsa na kai. Sannan ya kira Kulu ya ce ta miƙo masa ruwa ya wanke hannu.