Gayyar Mutum Ɗaya

Tun ranar da Saminu ya shigo Gwashi da 'yar ƙaramar taraktarsa mutane suka laƙa mata suna Akuya, saboda ƙanƙantarta da yawan kukanta. Ta hannu ce, jan fentinta ya koɗe, tayoyin baya sun cinye sumul kamar tafin hannu. In ta shiga laka sai ta tsaya wuri guda tana juya ƙafa, tana watsa wa 'yan kallo taɓo. Sunan bai yi wa Saminu daɗi ba, amma ya haɗiye, ya ce a bar shi da ita, akwai ranar da za a daina dariya.

To, ranar kuwa ta kawo kanta. Malam Abdulwahabu, mahaifin Naja'atu, yarinyar da Saminu ke nema, ya aiko cewa in damina ta zauna a kai masa gayyar huɗa a babbar gonarsa ta bakin rafi. Haka ake yi a nan: mai neman aure shi ke tara abokansa su je su yi wa suruki noma, kuma ba a cika maganar sa rana ba sai an ga gayyar. Saminu yana son Naja'atu so na gaske, irin wanda ke sa mutum ya bi ta ƙofar gidan su yarinya ya ce ai nan ce hanyar kasuwa, alhali kasuwa tana bayansa. Da ya ji saƙon, maimakon ya tuna da abokai, sai ya juya ya kalli Akuya ya yi murmushi.

Ya fara da taya. Ya hau babur sai Gummi, wurin Ɗanmusa, bakaniken da ya san cikin tarakta kamar yunwar cikinsa. Ɗanmusa ya mirgino masa wasu tayoyi baƙaƙe wuluk, masu manyan haƙora, suna ƙamshin sabuwar roba.

"Ka ga wagga taya?" in ji Ɗanmusa, yana buga ta da sifana. "Laka ka tsoronta, ba ita ka tsoron laka ba."

Saminu ya sa yatsa tsakanin haƙoran, yatsan ya nutse har gindi. Daɗi ya kama shi, ya yi ta shafa tayar har Ɗanmusa ya tambaye shi ko sadakinta zai biya.

Daga taya sai rija, wato ƙarfen nan mai fayafayi da tarakta ke ja a baya yana tayar da kunyoyi. A Anka ya samo ta, aka ɗoro a bayan a-kori-kura. Sai dai rija nauyi gare ta, tsohon famfon haidirolik na Akuya kuwa ya gaji, mai yake zubarwa, ko ƙaramar garma sai an kama masa da hannu yake ɗagawa. Don haka Ɗanmusa ya zo Gwashi da kansa da sabon famfo da sababbin tiyo da liba mai jan kai. Aka kwance, aka ɗaura, aka zuba mai, aka tayar da inji. Ɗanmusa ya ce, "Taɓa mu gani."

Saminu ya taɓa libar da yatsa biyu. Rija ta ɗaga sama a hankali, ba gargada, kamar ba ƙarfe ba. Ya tura, ta sauka. Ya ja, ta tashi. Wayyo daɗi! Mutumin nan wuni ya yi a ƙofar gida yana ɗagawa yana saukewa, baki har kunne, man gas yana ƙonewa a banza. Kuma da yake ɗoki ba ya da birki, bai tsaya nan ba. Ya sa aka ƙara fitilu, aka yi wa direba rumfa, aka sa oda mai kukan babbar mota, aka sake fenti. Akuya dai ta zama amarya.

Ana cikin wannan hidima mahaifiyarsa, Inna Turai, ta leƙo ta same shi kwance ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai ake gani.

"Makau ya taho biɗarka," ta ce. "Gobe gayyatai ta."

Makau shi ne babban abokinsa, tare aka yi musu kaciya.

"Inna, a ce mishi ina tahe."

"Haka kac ce ran gayyar abokinka Kamilu. Zumunta hwa a ƙahwa take, Saminu."

Ya ce to. Gobe ta yi, wani noti ya ƙi ɗauruwa, shi ke nan gayyar Makau ta wuce ba shi. Ba mugunta ba ce, Saminu ba mugu ba ne. Kansa ne ya cika da ƙarfe har babu wurin mutum.

Ranar gayyar suruki, Saminu ya fito da sassafe cikin sabuwar riga, ya danna oda. Garin ya tashi. Masu shan koko suka ajiye kofuna, mata suka leƙo ta kan danga, samari suka bi bayansa a ƙafa da babura har bakin rafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Saminu kuwa bai ɓoye komai ba. Ya tsaya a kan iyaka, ya sauke rija da yatsa biyu don kowa ya gani, ya sa giya.

Ƙasar ta sha ruwa, ta yi laushi. Sababbin tayoyi suka kama ta, fayafayi suka nutse, kunyoyi suka riƙa tashi a bayansa miƙe sambal, baƙaƙe, suna ƙamshin damina. In ya kai ƙarshe ya ɗaga rija ya juyo a ɗan wuri, mutane su sa ihu. Wani dattijo ya cire hula ya riƙe a hannu yana ta salati. Saminu ji yake kamar ƙirjinsa zai fashe don murna. Gonar da majiya ƙarfi ke wuni a cikinta, kafin hantsi ya dubi ludayi ya gama ta, sai wani lungu can gangaren rafi, mai kututture da suri, inda tarakta ba ta shiga.

Ya kashe inji ya diro, yana jiran yabo. A daidai lokacin ne ya hango layin mata sun fito daga gari, kowacce da ƙwarya a ka. Fura ce da nono, da tuwo, da miya, abincin 'yan gayya, wanda tun jiya ake daka da dahuwa dominsa. A gaba Inna Marka ce, mahaifiyar Naja'atu. Naja'atu tana can baya. Ga kuma makaɗin noma da gangarsa a rataye, an ɗauko shi musamman.

Inna Marka ta sauke ƙwarya a gindin tsamiya. Ta dubi gona, ta dubi tarakta, ta dubi taron 'yan kallo, ba mai galma ko ɗaya a cikinsu.

"Ina 'yan gayya?" ta tambaya.

Naja'atu ta sunkuyar da kai.

Malam Abdulwahabu, wanda tun ɗazu yake zaune a kan buzu, ya yafito Saminu. Ya zo ya cire takalmi ya durƙusa.

"Huɗa ta yi kyau, Allah shi yi albarka," in ji dattijon. "Amma ni ba noma nib biɗa ba. Ga shanuna nan, da huɗa ɗai ta, da sun yi ta. Ɗiyata za ni ba ka. Ran da ba ni da rai, in ciwo ya kama ta, ko ruwa ya ci ɗakinku, wa za ka kira shi taho? So nikai in ga mutanenka. Suna ina?"

"Baba, ga su can."

"Waɗancan mota sunka taho kallo."

Dattijon ya sa aka miƙo galmarsa, ya ajiye ta a gaban Saminu, ya nuna lungun nan da ya rage. "Ga saura can. Kira su."

Saminu ya tashi da galma a hannu. Ya fahimci abin da ke gabansa sarai: in ya kira ba wanda ya fito, ya rasa Naja'atu a gaban idon garin nan kaf. Ya duba cikin taro, ya ga Makau tsaye ya harɗe hannu.

"Makau!"

"Na'am, direba."

"Don Allah ka taimake ni."

"Ran tawa gayya kana ina?"

"Ina ƙarƙashin mota. Ban kyauta ba."

Makau ya kalle shi. Sannan ya juya ya hau babur ya tafi. Wasu samarin suka bi shi, wasu suka sulale ɗai-ɗai. Saminu ya kira Kamilu, Kamilu ya yi kamar da wani ake.

Ya tuɓe sabuwar rigar ya gangara lungun shi kaɗai. Ya kafa galma ya ja. Rabonsa da ita tun bara, ga ƙasar nan duk saiwa. Bai yi nisa ba tafin hannunsa ya fara zafi. Makaɗi ya tausaya masa ya soma buga ganga a hankali, abin ya ƙara zama abin tausayi, don ba a taɓa jin an yi wa mutum ɗaya kiɗan gayya ba. Saminu bai ɗaga kai ba, kada ya haɗa ido da Naja'atu. Hawaye da gumi suka haɗu a haɓarsa.

Yana cikin haka ya ji ƙarar galma ta sari ƙasa a gefensa. Makau ne, ashe gida ya koma ɗauko ta. A bayansa ga wasu 'yan samari, ba su cika hannu ba.

"Ba don kai ba," in ji Makau, yana tofa yawu a tafi. "Don hurar Inna Marka ta, kat ta lalace. Matsa, kana ɓata layi."

Ganga ta canza murya. Saminu ya yi wata irin dariya mai haɗe da kuka, ya duƙa. Suka ja, suna zolayarsa, suna cewa a taɓa masa liba ko bayansa zai miƙe. Sai da rana ta take tsaka suka fitar da lungun. Hannunsa duk ya yi bororo ya fashe.

Suka zauna gindin tsamiya aka buɗe musu fura. Malam Abdulwahabu ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kafin ya juyo ga Saminu.

"Ba su da yawa," ya ce. "Amma akwai su. Ce ma magabatanka su taho mu yi magana."

Makau ya dunguri Saminu da gwiwar hannu, makaɗi ya ƙara wuta, Naja'atu ta rufe fuska da gyale tana dariya. Murna ta cika Saminu. Yana nan zaune matan suka fara haɗa kaya. Suka ɗora ƙoren da ba a ko buɗe ba a ka, suka yi layi suka nufi gari, kuma layin da tsawo. Saminu ya bi su da ido har suka shige cikin dawa. Ya san kowace ƙwarya a cikinsu ta wani ce da aka sa ran zai zo dominsa.