Maɗaba'ar da ke Saman Firij

A gida Injiniya ake ce masa, ko da yake iyakar karatunsa a wannan fanni kwas ne na wata uku. Shekararsa arba'in da tara, kuma babban abin da ya yi a rayuwa shi ne rufe maɗaba'ar da mahaifinsa ya kafa. Masu kawo aiki ne suka janye ɗaya bayan ɗaya, har ya sayar da injin ya koma gyaran kwamfuta a ofishin wasu.

Baba bai sani ba. Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki likita ya hana a kai masa labarin tashin hankali. Injiniya ne ke ba shi magani da hannunsa. Kullum bayan karin kumallo sai ya jingina tabulet da filo ya buɗe shafin maɗaba'ar na intanet, ya duba sababbin ayyuka da yatsa ɗaya.

Kafin wa'adin shafin ya ƙare, Injiniya ya kwafe shi kaf cikin wata tsohuwar laftof, ya ɗora ta a saman firij. Sannan ya shiga saitin rauta, na'urar da ke raba intanet a gidan, ya taɓa wurin da ake kira DNS. Ya yi wa ƙanwarsa Auta bayani: duk na'urar da ke neman wani shafi rauta take tambaya hanya, shi kuma ya koya mata ta riƙa nuna saman firij. Auta ta ce ashe dai kwas ɗin bai tafi a banza ba.

Wata takwas yana ƙirƙiro ayyuka duk mako. Katin aure, kalandar makaranta, littafin rasit. Da ya ga Baba na murmushi sai hannunsa ya buɗe, ya fara ba kansa manyan kwangiloli. Maɗaba'ar ba ta taɓa bunƙasa kamar bayan mutuwarta ba.

Ranar da za a koma ganin likita, Auta ce ta kai Baba. Layi ya yi tsawo, tsoho ya fara mita, sai ta haɗa masa tabulet da intanet ɗin asibiti don ya samu abin yi. Rautar asibiti kuwa babu wanda ya koya mata ƙarya.

Injiniya yana kwance a bayan wata kwamfuta yana gyara sai Auta ta kira shi. Ta ce Baba ya ga shafi fari fat da sanarwar ana sayar da adireshin shafin, ya karanta sau biyu, ya kife tabulet a cinya.

Ya samu Baba a falo da yamma, maganin rana na nan a faranti bai sha ba. Injiniya ya durƙusa ya soma jawabin da ya shirya a mota, amma Baba ya ɗaga hannun da ke aiki.

"Injin wa ka sayar wa?"

Ya faɗa masa. Baba ya ce wannan mutumin bai san inda ake zuba mai ba. Ya tambayi labarin ma'aikata, ya kira su da suna ɗaya ɗaya, Injiniya na faɗin inda kowa ya nufa. Biyu daga ciki bai ma san inda suke ba.

Injiniya ya miƙe ya nufi kicin, ya ce bari ya kashe laftof ɗin, ya mayar da rauta yadda take.

"Bar ta," in ji Baba.

"Baba, ai babu komai a ciki. Ni nake rubutawa."

"Na sani, Injiniya. Shekara goma sha ɗaya wurin yana hannunka, ban taɓa ganin ka kula da shi haka ba."

Ya tsaya a ƙofar kicin yana jira ko akwai ƙari. Baba ya kira Auta ta tura shi ɗaki a kekensa, ya ce mata daga yau ita za ta riƙa ba shi magani.