Teburi Biyu a Ɗakin Wanke Ciwo

Ranar Litinin da Sista ta buɗe ɗakin wanke ciwo, sai ta tarar an ture kabad ɗin bandeji zuwa lungu, an ajiye wani teburi a wurinsa. Wani siririn mutum na zaune a bayansa, baƙar jaka a kan cinya kamar mai jiran mota.

"Daga ofishin walwalar jama'a nake," in ji shi. "An ce daga yau tare za mu riƙa aiki."

Ta san da maganar. Makon jiya babban likita ya tara su ya karanta musu takarda: asibitin unguwa da ofishin walwala za su haɗa hannu, fayil ɗaya ga kowane mara lafiya. Amma shekararta sha tara a wannan aiki, kuma duk sanda na sama suka ce a haɗa hannu, ba a daɗewa sai an rage ma'aikata. Ta amsa gaisuwarsa a gajarce, ta sa safar hannu.

Kafin sati ya ƙare an laƙaba masa Mai Jaka. Ba shi da yawan magana, sai rubutu. In Sista ta ce wa mara lafiya ya dawo Alhamis, ya rubuta. In ta yi wa wani faɗa, ya rubuta.

"Wallahi leƙen asiri aka turo shi," in ji mai ba da magani. "Jiya har tambayata ya yi ƙarfe nawa nake tashi."

Daga ranar Sista ta fara kulle fayilolinta a durowa, makullin a aljihu.

Akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Iya, mai gyambo a ƙwauri. Wata bakwai ke nan Sista na wanke shi. Sai ya kama hanyar warkewa, sai Iya ta dawo da ƙafa a kumbure. Kullum Sista na ce mata ta huta, ta ɗora ƙafar a kan filo, ita kuma ta ce, "To, 'yar nan."

Ran nan ana cikin naɗa bandeji Mai Jaka ya ɗago kai. "Iya, wa ke tare da ke a gida?"

Iya ta dube shi, ta dubi jakar. "Ni kaɗai ce."

Ko maganinta ba ta tsaya karɓa ba. Alhamis ta wuce ba ta zo ba, Litinin ma haka.

"Ka ga abin da ka jawo?" in ji Sista. "Ka kore min ita. Ko dama so kake a ce na kasa warkar da ciwo ɗaya?"

"Ba ita kaɗai ba ce," ya ce. "Sunan mijinta na ofishinmu. Bara waccan maƙwabci ya kawo labarin cewa mijin ya yanke jiki ya faɗi, da aka je ta ce ya koma wajen 'yan'uwansa. Kuma duk zuwa sai ta roƙe ki ƙarin auduga da filasta. Ƙafa ɗaya ba ta cin haka."

Sista ta san gaskiya ya faɗa. Tausayi ne ke sa ta ba ta, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Da ya ce zai je gidan bayan azahar, ta ce tare za su je. Ba don ta yarda da shi ba, don ta ga abin da zai yi da idonta.

Gidan bene ne tsoho, ɗakin Iya a hawa na uku. Matakalar siririya, ga duhu, ga bokitai biyu cike da ruwa an ajiye a tsakiyar hanya. Iya ta buɗe ƙofa kaɗan.

"Ke shigo. Shi ya tsaya nan."

Ɗakin tsaf, sai ƙamshin sabulu da ɗan zarni a ƙarƙashinsa. Bayan labule wani dogon dattijo na kwance a kan katifa a ƙasa, rabin jikinsa ya shanye. An yi masa aski, an yanke masa farce. Da Sista ta juya shi sai ta ga ciwon kwanciya a ƙugunsa, an rufe shi da auduga da filasta daidai yadda ita take yi.

"Mijina ne, shekara talatin ya yi yana tuƙin bas," in ji Iya. "Ni nake ɗaga shi, ni nake hawo da ruwa. Ina zan ga zaman ɗora ƙafa a filo?"

"Iya, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa miki ki faɗa wa wa? Masu jaka irin wannan suka ɗauke maƙwabciyarmu ta ƙasa, wai gidan kula da tsofaffi. Ko wata biyu ba ta yi a can ba ta rasu."

Sista ta wanke ciwon dattijon, ta wanke na Iya, sannan ta fito ta ja ƙofa. Mai Jaka na zaune a kan matakala.

"In na gaya maka abin da ke ciki, me za ka yi?"

"Zan nemi gado mai ɗagawa, da keken guragu, da mai taimako da safe. Suna wajenmu, ba a asibiti ba. Amma ba za a ba ni ba sai ma'aikaciyar jinya ta sa hannu cewa ana iya kula da shi a gida."

"In manyanka suka ce a ɗauke shi fa?"

"Suna iya cewa. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ya ciro takarda daga jakarsa ya miƙa mata. Ta karɓi takardar ta cike da hannunta a kan gwiwa, ta sa shi ya karanta wa Iya da ƙarfi ta bakin ƙofa, kalma kalma. Iya ta sa ya maimaita wurin da aka ce "a gidansa".

Ba a ɗauke shi ba. Gadon ya iso bayan sati biyar, maza huɗu suka hau da shi suna haki. Keken da aka kawo ya yi wa dattijon kaɗan, aka mayar, har yau ana jiran wani. Mai taimako tana zuwa safiya uku a sati, tana hawo da ruwa, tana yi masa wanka, amma Iya ba ta taɓa barinta ita kaɗai da shi ba. Sista kuma duk Laraba tana biyawa da kayan aikinta. Cikin wata biyu gyambon ya haɗe, saura kamar girman farce.

Wata Laraba Sista na durƙushe tana naɗa ƙafar, Iya ta sunkuyo ta rage murya.

"'Yar nan, wannan mai zuwa da safe, wa take kai wa labarinmu?"

"Ni da Mai Jaka, Iya."

"To ku kuma wa kuke kai wa?"

Sista ta ce akwai taro duk ƙarshen wata, akwai likita, akwai shugaban ofishinsu. Iya ta ce ta gaya mata kamanninsu ɗaya bayan ɗaya, don in sun ƙwanƙwasa ta san wanda ba za ta buɗe wa ba.