Yadda Auta Ta Koyi Sauke Mama

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Mama, hidimarta ta koma wuyan Auta, kuma ba a taɓa jin Auta ta yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ne ya gagare ta, wato ɗaga Mama daga gado zuwa kujera. Auta tela ce, siririya, irin waɗanda in iska ta taso ake ce musu su riƙe ƙofa. Mama kuwa Allah ya yi mata jiki, ciwon ma bai rage komai ba. Kullum sai an jira maƙwabci ya zo ya kama, Mama tana rufe fuska da mayafi don kunya.

Yaya, babban ɗan Mama, ya gaji da jin wannan labari. Ya bugo waya ya ce da ya samu hutu zai zo da mota ya tafi da ita gidansa, can akwai masu ƙarfin ɗaukarta. Ba mugunta ba ce, gaskiyarsa ya faɗa. Sai dai Mama ɗakinta take so, da tagar da take leƙen masu wucewa tana yi musu sharhi. Da Mama ta ji, sai ta juya fuska bango. Abin ya tsaya wa Auta a rai.

A saman kantin maganin da ke bakin layinsu akwai wurin motsa jiki na mata. Mai koyarwar ana ce mata Saja, ba don ta taɓa aikin soja ba, muryarta ce ta jawo mata. Da Auta ta hau, Saja ta dube ta sama da ƙasa.

"Ƙiba kika zo ragewa? Ina kika baro ta?"

"Uwata nake so in iya ɗauka," in ji Auta.

Saja ta haɗiye dariyarta, ta ce ta cire takalmi.

Wai aka ce motsa jiki, ashe gumurzu ne. A tsuguna, a miƙe, a yi tsalle, a ja ƙarfe, kafin numfashi ya dawo Saja ta sake buga tsawa. Ranar farko sandar ƙarfen da ba a ɗora mata komai ba ta kusa kifar da Auta. Da bin bango ta sauko daga benen, washegari taka keken ɗinki ma ya zama aiki. Mama tana kallonta daga gado ta ce, "Wai ke ce za ki ɗauke ni? Ki fara ɗaukar ƙafafunki tukuna."

Amma jiki da wuyar sha'ani, abin da aka saba masa shi yake bi. Sannu a hankali Auta ta daina ganin duhu-duhu in an ce a tsaya. Wata rana ta sa rigarta ta ji kafaɗa ta matse, dole ta farke ɗinkin da hannunta ta ƙara faɗi, tana yi tana murmushi ita kaɗai. Tukunyar gas da a da take jan ta a ƙasa, yanzu sai ta sungume ta. Masu kawo ɗinki da suka saba ɗaga mata murya suka lura ta fara duban su ido cikin ido, tana faɗin ranar da za ta gama ba tare da inda-inda ba.

To, a wurin Saja akwai wani sabo. In mace ta ɗaga ƙarfe mai nauyi ta miƙe da shi, sai ta sake shi ya faɗo tim a kan robar ƙasa, sauran mata su tafa mata. Mai kantin magani kullum sai ya yi mita wai kwalabensa na rawa. Auta kam babu ƙarar da ta fi wannan daɗi a kunnenta.

Ranar da ta ji ta isa, ta tsuguna gaban gado, ta rungumo Mama, ta miƙe da ita cak. Daɗi ya kama ta, ta juya wajen kujera, sai hannuwan suka yi abin da suka saba. Mama ta dira a kujera har haƙoranta suka haɗu. Allah ya tsare, ba ta ji ciwo ba, amma ta daɗe tana hararar 'yar tata.

"Gobe ki kira min maƙwabci," ta ce. "Shi dai ya san mutum ya ɗauko."

Kunya ta rufe Auta. Da ta ba Saja labari, Saja ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Laifina ne. Na koya miki ɗagawa, ban koya miki saukewa ba."

Daga ranar aka hana Auta sakin ƙarfe. Sai ta sauke shi a hankali har ya taɓa ƙasa ba a ji ba, cinyoyi na kakkarwa, gumi na shiga ido. Nan ta gane saukewa ta fi ɗagawa wuya nesa ba kusa ba. Sauran matan suka shigo cikin zancen, suka riƙa karɓa-karɓa wajen kwaikwayon Mama, Auta tana gwada ɗaukarsu da saukewa. Wata mai kitso, ƙatuwa, ita ta fi kowa iyawa: sai ta saki jiki gaba ɗaya tana nishin tsofaffi, tana cewa, "A hankali, 'yar nan, ƙuguna." Ana dariya ana aiki, har mai kantin magani ya hau wata rana ya tambaya ko lafiya, ya ji shiru.

Ranar da ya samu hutu, da hantsi Yaya ya iso, ya ajiye mota a ƙofar gida. Bayan gaisuwa ya fara naɗe hannun riga zai kama Mama. Sai Auta ta ce, "Yaya, ɗan matsa."

Ta jawo kujera, ta kafa ƙafafu, ta ja numfashi. Mama ta saƙala hannunta mai lafiya a wuyanta, ta runtse ido gam, ta ɗaure fuska irin ta wanda ya san abin da ke jiransa. Auta ta miƙe da ita, ta juya, ta fara tsugunawa kaɗan-kaɗan. Yaya ya tsaya hannu a sama bai san inda zai kama ba.

Mama, ido a rufe, ta gaji da jira.

"To sauke ni mana, Auta. Ko haka za mu wuni?"

"Ai kina zaune, Mama."

Mama ta buɗe ido, ta shafa hannun kujera, ta dubi ƙafafunta a ƙasa. Sannan ta ɗago ta dubi ɗanta, fuskarta cike da fara'a.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi? Zauna a kawo maka ruwa, ka huta kafin ka koma. Ni ina nan."