Fasfona a Gwangwanin Madara

Shekara biyu fasfona yana kwana a unguwar Ard al-Liwa, ni ina kwana a unguwar Hadayek el-Ma'adi. Haka na tarar da tsarin ƙungiyarmu ta ɗalibai lokacin da na zo Alƙahira daga Zariya. Mace ba ta bin layin sabunta iƙama, wato izinin zama a ƙasa. Amir, shugaban ƙungiyar, shi ne ke tattara fasfunan 'yan mata, ya kai, ya karɓo, ya adana a gidansa. Sun ce don a kare mu daga turereniyar maza ne. Ban taɓa yin musu ba, domin ban taɓa buƙatar fita daga ƙasar ba sai a bazarar 2014.

Luz ce ta jawo. Maƙwabciyata ce, 'yar Filifin, shekara goma sha ɗaya tana girki a gidan wasu Turawa a Ma'adi. Idan aka ɗauke wuta, a matakalar bene muke zama muna fifita da kwali. Yayarta tana da ƙaramin masaukin baƙi a bakin teku, a lardinsu na Batangas. Larabawa sun fara zuwa da iyalansu, amma babu mai jin abin da suke faɗa. Luz ta ce in je in yi dogon hutu a can, wata biyu, in riƙa yi musu tafinta, in kuma nuna wa masu girki abin da Musulmi ke ci da wanda ba ya ci. Tikiti da ɗaki a kansu. Aka aiko da takardar gayyata, ofishin jakadancin Filifin ya ba ni kwana goma sha huɗu in kawo fasfo.

Na ɗauki metro, jirgin ƙasan cikin gari, na sauya, na hau tuktuk mai ƙafa uku, na yi sallama a gidan Amir.

Amir ɗin, Malam Ukasha, ya shekara goma sha uku a Masar yana rubuta kundin digiri na biyu. Babu wanda ya taɓa ganin shafi ɗaya, amma kowa ya san takensa. Ya saurare ni yana shafa gemu, idonsa a kan fankar da ba ta juyawa.

"Ukhti Ummul-Khairi, wannan mas'ala ce mai buƙatar nazari."

"Malam, fasfona na zo karɓa, ba fatawa ba."

"Amana ce a hannunmu."

"To mai amanar ta zo."

"Wa kika sani a can?"

"Wa na sani a nan ranar da na sauka?"

Ya ce sai an kira shura. Ya tambaya ko ina da wata hujja game da wurin, sai na miƙa masa ƙasidar tallan da Luz ta ba ni, mai hotuna masu sheƙi: tsofaffin gidajen garin Taal, ƙasansu dutse, samansu katako, da wata ƙatuwar majami'a, da teku, da mutanen da ke kwance a bakin teku. Harun, sakataren ƙungiya, yana wurin. Ya ɗauko baƙin alƙalami ya ce zai shafe abin da bai kamata ido ya gani ba. Shafi biyu ne, amma sai da shayinsa ya huce bai gama ba. Na ce masa, "Malam Harun, ko in riƙe maka fitila?" Bai ɗago ba.

Aka sa shura sai bayan kwana tara. Sun lissafa sarai, sun bar mini ragowar da ba za ta isa komai ba.

Kakata takan ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba ta taɓa cewa a murhunka za ka dafa ba. Washegari da ƙarfe tara na safe na sake yin sallama, da jakar littattafaina. Nana Fatima, matar Malam Ukasha, ta buɗe. Na wuce falo, na zauna a tsakiyar tabarma, na buɗe littafin balagar Larabci.

"Lafiya, ukhti?" in ji shi daga bakin ƙofa.

"Ziyara na kawo wa fasfona, Malam."

Bahaushe ba ya korar baƙo, balle malamin da ya yi mana wa'azi uku a kan haƙƙin baƙo. Ranar farko aka kawo shayi da ƙwai da ful, dafaffen waken Masar, da rana aka yi shinkafa da kaza. Na ci, na yi godiya, na tafi bayan la'asar. Rana ta biyu babu kaza. Rana ta huɗu burodi da ruwa ne, na ce masa ban taɓa cin burodi mai albarka irin wannan ba.

Ba abincin ne ya fi ƙona masa rai ba. A falon nan yake karɓar ɗalibai maza, yana zaune a kujera suna ƙasa. Tunda akwai mace a ciki, dole majalisa ta koma matakalar bene, inda matar mai gadi ke shanya tsumma kuma kyanwoyi ke faɗa. Ina jin muryarsa yana bayanin hukuncin ruwan rijiya, wata Bamisriya tana ce masa ya matsa za ta wuce da tukunyar gas.

Ni ma ban sha da daɗi ba. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce kowace safiya, cikin zafin da ke narkar da kwalta. Mai tuktuk ɗaya ya kira ni da sunan da ba zan maimaita ba. 'Yan matan ƙungiya suka daina amsa gaisuwata da kyau, sai Hauwa kawai. Labari ya zaga cewa zan je ƙasar da ake yawo tsirara, wasu suka ce aikin otal zan yi, suna jan kalmar kamar tana wari. Na ji duka, na kuma ci gaba da zuwa.

Rana ta shida Nana Fatima ta zauna kusa da ni tana tsince shinkafa.

"Ummu, da gaske tekun haka yake, shuɗi?"

"Haka Luz ta ce."

"Shekara bakwai ina garin nan, Iskandariyya ma ban gani ba." Ta watsar da tsakuwa. "Gobe ki zo da wuri. Zan ɓoye miki ƙwai."

Ranar shura mutum goma sha ɗaya suka cika falon, aka ba ni kujera a bakin ƙofar kicin. Ƙasidar ta zaga hannu sau uku, domin kowa ya ce yana so ya tabbatar da kansa. Aka kawo hujjoji. Wani ya ce akwai dutse mai aman wuta a lardin. Wani ya ce ya ji ana cin ƙwai da ɗan tsako a ciki. Na ce a Zariya muna cin fara, ba a taɓa hana kowa zuwa ba. Aka ce in yi shiru sai an ba ni dama. Ba a ba ni ba.

Daga ƙarshe Malam Ukasha ya fito da abin da ya tanada. Ya ce magana ta waliyyi ce. Mahaifina ya rasu, don haka ƙaninsa, Kawu Illiyasu, shi ke da iko. Zai kira shi yanzu, a buɗe murya kowa ya shaida, abin da ya yanke shi ke nan. Kawu bai taɓa son karatuna ba. Ya taɓa cewa da kuɗin jirgina an sayi buhun citta arba'in. Amma na gyara zama na ce, "Bismillah."

Aka yi gaisuwa mai tsawo, ana jin hayaniyar kasuwa a bayan Kawu. Sannan Malam Ukasha ya shiga bayani, kuma don ya nuna girman ɓarnar sai ya ɗauki ƙasidar yana karantowa dalla-dalla.

"Alhaji, wuri ne na lahawu. Jama'a na tururuwa daga ko'ina cikin duniya, babu karatu babu ibada. Akwai wani gari, tsofaffin gidaje ne kawai, wasu sun fi shekara ɗari. Mutane su biya kuɗi a bakin ƙofa don su shiga su kalli tsohon gado da tsohuwar tukunya. Dubi asarar dukiya."

Harun ya duba ko wayar ta katse.

"Malam," in ji Kawu, "sake faɗa. Su biya kuɗi su kalli me?"

"Tsohon gida, Alhaji. Wannan ma kaɗan ne, a bakin tekun kuwa..."

"Bar tekun. Gidan, ana kwana a ciki ne ko kallo kawai?"

"Wasu kallo, wasu har da kwana. Amma abin lura a shari'ance..."

"Mai gidan ne ke karɓa ko hukuma?"

Malam Ukasha ya dube ni. Na dubi fanka.

Abin da bai sani ba, wanda duk zuri'armu ta sani, shi ne gidan kakanmu na cikin birnin Zariya. Soro ne na ƙasa mai zane a fuska, mai zaure uku. Kowace damina sai ya ci wa Kawu kuɗin yaɓe, kuma dattawa sun hana shi rushewa. Shekara ashirin yana kiransa kabarin kuɗi.

"Ummulo tana nan?"

"Ina nan, Kawu. Ina wuni?"

"Ke, yaushe ne jirgin?"

"Sai na samu fasfona, Kawu. Yana hannun Malam."

"Me yake yi da shi? Malam, ba ta kayanta. Ki je ki duba mini da kyau: nawa suke karɓa, a ƙofa ake karɓa ko a ciki, suna ba da abinci ko mutum ya zo da nasa. Ki ɗauko hoto. Ashe karatun nan zai yi rana."

"Alhaji, babu muharrami," in ji Malam Ukasha.

"Da ta tafi Masar kai ka raka ta? Ina da ciniki a gabana. A gaida mutanen gida."

Malam Ukasha da bakinsa ya ce abin da waliyyi ya yanke shi ke nan, a gaban shaidu goma sha ɗaya. Ya fara cewa makullin akwati yana wurin wani ɗan'uwa da ya yi tafiya. Bai rufe baki ba sai ga Nana Fatima ta fito daga kicin, ta wuce ta gabana da babban gwangwanin madara, ta ajiye a tsakiyar tabarma.

"Ga akwatin," in ji ta, ta koma.

Na buɗe da kaina. Fasfo goma sha tara, an ɗaure da robar gashi, suna ƙanshin madara. Na zaro nawa na buɗe shafin iƙama. Ta ƙare tun wata takwas da suka wuce. Na buɗe na Hauwa, haka. Na wata ɗalibar, Amna, shekara guda. Wata takwas ina yawo a garin da ake tare mutane a hanya ana tambayar takardu, ina taƙama an adana ni.

"Malam, wannan fa?"

"Yanayin ƙasa ne, ukhti. Layin yana da tsawo. Ma'alish, a yi haƙuri."

"Shi ne turereniyar da kuke kare mu daga gare ta? Ashe ku ma kun kare kanku."

Babu wanda ya yi dariya, sai wani tari da ya fito daga kicin.

Kwana biyar suka rage, biyu a ciki ranakun hutu. Bayan sallar asuba na kama hanyar Mugamma, ƙaton ginin gwamnati da ke dandalin Tahrir inda ake sabunta iƙama. Tashar metro ta Tahrir a rufe take a shekarar, don haka na sauka a Sa'ad Zaghlul na taka. Na bi layi daga wannan taga zuwa waccan, aka ture ni na ture, aka taka ni na taka. Wata ma'aikaciya ta yi mini faɗan da Malam Ukasha ya cancanta, na shanye, na ce mata tana da gaskiya. Rana ta biyu na waiga na ga Hauwa a bayana da fasfonta a hannu. Rana ta uku mu bakwai ne, muna raba sandwicin ta'amiyya, ƙosan Masar, a tsaye. Da azahar aka buga mini hatimi. Na isa ofishin jakadanci saura minti ashirin a rufe taga, hijabina ya jiƙe sharkaf, na tura fasfon ta ƙarƙashin gilashi. Matar da ke tagar ta shinshina shi ta dube ni. Na ce mata doguwar magana ce.

Ana gobe zan tashi Harun ya zo har ƙofar benenmu. Bai hau ba, sai ya kira ni a waya in leƙo. Ya ce Amir yana gaishe ni, ya yafe duk abin da ya faru. Sannan ya ce, idan na je, in ɗan bincika musu ko baƙo zai iya sa hannun jari a irin masaukin nan, domin wasu 'yan'uwa suna tunani.

"Wurin lahawun?"

"Ai sai a gyara shi daga ciki, ukhti."

Na ce zan kira shura in yi nazari. Na tambaye shi ƙasidar Luz, tunda aro na ba su. Ya ce tana wurin Amir, bai gama dubawa ba.