Akuyar Bayan Danga

Sakinatu ta ɗaure ƙirjinta da tsohon ɗankwali tamau har numfashinta ya sarƙe, amma nonon bai fasa zuba ba. Ta sa riga, ta duba gabanta, ta cire ta sa wata. Wai yaye ke nan! Kowa cewa yake yaro ake yayewa, ba wanda ya gaya mata uwar ce ke shan wuyar.

Tun shekaranjiya mijinta Badaru ya saɓa yaron a kafaɗa ya kai wa mahaifiyarsa, Inna Kulu, a tsohon gidansu na ƙetaren rafi. Haka aka gada: yaro zai zauna wurin kakarsa har ya manta da nono, uwa kuwa ko leƙe ba ta yi, domin da zarar sun yi ido huɗu aikin ya rushe, sai a koma farko. Ga shi kuma ɗan fari ne. A ƙauyen nan uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko ciwo yake sai dai wani ya tambaya mata. Sunansa Tasi'u, amma bai taɓa jin sunan daga bakin uwarsa ba. "Wannan yaron" take cewa, in ta matsu ta ce "kai".

To, wannan yaron dai ya doshi shekara biyu bai taɓa yin taku ko ɗaya ba. Sa'anninsa na bin kaji da gudu, shi yana jan gindi a tsakar gida kamar mai share ta. Badaru ya haɗa masa keken katako, ya mai da shi abin cizo. An karɓo rubutu ya sha. An kai shi asibiti, wata ma'aikaciya ta duba shi ta ce ƙalau yake, a dai riƙa ba shi ƙwai da kifi da madara. Sakinatu ta dube ta kawai. Kifi! A wannan shekarar da Badaru ya jingine babur ɗinsa a zaure saboda tsadar mai, yake takawa har Bacirawa yana ɗaukar bulo a gonakin da suka zama filaye? A wannan daminar da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, tuwo ya koma na dare kaɗai?

Inna Kulu ce ta yanke hukunci. "Nono ne ya sangarta shi," ta ce. "Wanda abinci ke bin sa har inda yake zaune, me zai tashi ya nema? Ku kawo mini shi."

Sakinatu ta bi umarni a lokacin, don hukuncin ba huruminta ba ne. Amma tun da aka tafi da shi abinci ya daina wuce mata. Ta san halinsa: ba ya shan kunu sai an hura, ba ya barci sai yana riƙe da kunnenta. Ta tabbata yana can yana tsala kuka har muryarsa ta dushe.

Da hantsi kazarta guda ɗaya ta yi ƙwai. Ita ce kazar da aka so a yanka wa ɗan yaye, Sakinatu ta roƙa aka bar ta. Ta dafa ƙwan, ta ƙulle shi a bakin zane, ta zura hijabi, ta ɗauki ƙwarya. Ba ta tambayi Badaru ba, ya fita tun da asuba, kuma ko yana nan da wane baki za ta tambaya?

"Uwar ɗan yaye, ina zuwa da ranar nan?" Huseina maƙwabciyarta ce ta leƙo ta kan katanga.

"Tafasa zan tsinko."

"Ta bayan gidanku ta ƙare ne?"

"Ta tsufa."

"Allah sarki," in ji Huseina, tana danne dariya. "An ce ta ƙetaren rafi ta fi taushi."

Sakinatu ta yi kamar ba ta ji ba. Ta bi ta cikin gero, wanda ya fi ta tsawo, ta tattare zane ta ƙetare rafin, ta zagaya ta bayan gidan Inna inda dangar kara ta tsufa ta yi ɓula. In aka gan ta, shi ke nan, har jikokinta sai an ba su labarin matar da ta kasa haƙurin yayen ɗan fari. Ta tsuguna, ta kasa kunne tana jiran kukan.

Ba kuka.

Ta kanga ido a ɓular. Inna Kulu na zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiya tana gyaran rama. Ga gogan naka a gefenta, tumbi a gaba, kunu har goshi, yana buga ludayi a ƙasa yana wani gwaranci. Ko alamar hawaye babu a fuskarsa.

"Maigida," Inna ke ce masa, irin wasan kaka da jika, "ka shanye kunun, kuɗin cefane kuwa shiru. Wane irin miji ne wannan? Tun da na aure ka ba ka taɓa miƙewa ka nemo mana ko gishiri ba. In ba za ka tashi ba ka sake ni in huta."

Yaron ya ƙyalƙyale da dariya.

Sakinatu ta ƙara matsa ido a ɓular. Ya kamata ta gode wa Allah, ta kuma gode, amma gaskiya haushi ta ji. Ita tana can ta kasa ci ta kasa sha, ƙirji kamar an ɗora mata dutse, shi kuwa ɗan butulcin yana nan yana angwanci. Ashe duk riƙon kunnen nan na ƙarya ne. Ta yunƙura za ta tashi, kara ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafarta.

Yaron ya daina buga ludayi. Ya juyo. Ta ƙasan dangar, inda akuyoyi suka cinye, bakin zanenta ya fito, shuɗin zanen da take goya shi da shi tun yana jariri. Ya ƙura masa ido. Sai ya yar da ludayin, ya ja jiki zuwa turmin da ke kusa, ya kama bakinsa, ya miƙe. Wannan ba sabon abu ba ne, ya saba tsayawa da turmi. Sabon abin shi ne da ya saki.

Ya tsaya yana tangaɗi, hannuwa a sama. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya dire. Ya ɗaga ɗayar.

Wata da watanni Sakinatu ba ta da addu'ar da ta wuce wannan. Ta roƙa a sujada, ta roƙa a bakin murhu, ta yi sadakar ƙuli-ƙulin da ita ma take so. Yau ga shi Allah ya amsa, kuma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Ya Allah zaunar da shi!" Ta yi maza ta toshe baki ta yi istigfari. Bai zauna ba. Tafe yake, tiƙis-tiƙis, kai tsaye wajen asirinta.

Ya iso ya faɗa jikin dangar, ya zuro 'yan yatsunsa ta tsakanin kara, duk kunu. Tana jin numfashinsa. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Ta kau da fuskarta daga ɓular don kada ya gan ta, ta kwance bakin zane, ta tura ƙwan ta ƙasa har ya taɓa ƙafarsa.

"Ayyururui!" Guɗar Inna Kulu ta tashi har tsuntsaye suka watse daga darbejiya. "Maigida ya miƙe! Jama'a ku fito, mijina ya tafi nema!" Sai kuma ta ɗauki totuwar masara ta jefi dangar, can nesa da yaron. "Ke kuma akuyar mutane, kin ishe mu da cin danga! Maza ki koma gidanku tun mai ke bai dawo ba!"

Sakinatu ba ta jira an maimaita ba. Ta kutsa cikin gero da gudu, ƙwarya a hannu ko ganye ɗaya babu. Sai da ta ƙetare rafin ta tsaya tana haki. Ta waiga gabas ta waiga yamma, ba kowa sai zangarniya. A nan ta buɗe baki a hankali, kamar mai satar nama a tukunya.

"Tasi'u," ta ce. Ta sake faɗa, ta ji daɗinsa a bakinta. Sannan ta share ido ta tsinki tafasa, don kada Huseina ta samu na faɗa.

Da la'asar sakaliya tana tankaɗe sai ga Badaru ya faɗo gidan, ko sallamar kirki bai yi ba, ƙurar siminti har gira.

"Albishirinki!"

"Goro," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Na biya ta wajen Inna. Yaron ya yi tafiya! Wallahi da idona na gani, ta sa shi ya sake yi mini. Kin ga abin da Inna take faɗa? Kwana nawa da raba shi da nono? Tsofaffin nan sun san abin da suke yi. Wai akuya ya gani a bayan danga ya tashi ya bi ta."

"To."

"To? Shi ke nan?" Ya zauna a kan turmi yana fifita da hula. "Sai dai tsufa ya fara taɓa Inna. Wai in gaya miki akuyar ta yi ƙwai, dafaffe, kuma maigidanta, wato yaron, ya cinye. Wai in ta kuma dawowa kafin sati biyu, za ta ɗaure ta a turke."

Sakinatu ta ci gaba da kaɗa rariya. Garin da ke ciki ya daɗe da ƙarewa.

Badaru ya dube ta ya girgiza kai. "Kunya dai kunya ce, amma taki ta yi yawa, Sakinatu. Ni ban taɓa ganin uwa mai taurin zuciya irinki ba. Yaron nan ya yi tafiyarsa ta fari a duniya, ba ki gani ba, kuma ko a jikinki."

"Yo ina ruwana," ta ce, ta juya masa baya ta jawo tukunya. "Shi ya san inda ya nufa."